Tsara Alamun Shaida ga Ƙungiyar Wasannin Dandali ta Kirista

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce yin bayani a kan yadda ake tsara alamun da ƙungiyar wasannin dandali ta Kirista za ta riƙa bayyana da su a gaban jama'a. Abin da muke nufi da wasannin dandali shi ne waƙa da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, watau duk wata fasaha da ake aiwatarwa da jiki da murya a gaban 'yan kallo. Ƙungiyar Kirista kuwa ita ce wadda ta ɗauki irin wannan fasaha a matsayin hanyar yin sujada ko ta isar da bishara, ko tana ƙarƙashin wata ikilisiya, ko kuwa tana cin gashin kanta.

Mai yiwuwa ne wani ya ce ai wannan magana ta 'yan kasuwa ce, me ya haɗa ta da masu aikin ibada? Amsa ita ce, ɗan kallo yakan ga takardar sanarwa kafin ya ga wasa, yakan kuma ji sunan ƙungiya kafin ya ji muryar mawaƙanta. A kan ɗan abin da ya gani ɗin nan ne zai yanke shawarar ko ya shiga ko ya wuce. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, alamun shaida su ne fuskar ƙungiya.

Ra'ayin da za mu kare a nan guda ɗaya ne. Idanu iri biyu ne ke kallon alamun ƙungiyar wasanni ta Kirista: idon mai bi, wanda ke neman shaidar bangaskiya, da idon baƙo, wanda ke neman shaidar gwaninta. Aikin mai tsarawa shi ne ya samo alamun da za su gaya wa dukkansu gaskiya a lokaci ɗaya. Za mu fara da ma'anar alamun shaida, sa'an nan mu dubi wani misali daga tarihi, daga nan mu bi sassan alamun ɗaya bayan ɗaya, mu ƙare da matakan aiki.

2.0 MA'ANAR ALAMUN SHAIDA

Kalmar da ake amfani da ita a Ingilishi don wannan abu ta samo asali ne daga ƙuna, watau shaidar da makiyayi ke yi wa dabbarsa da ƙarfe mai zafi don a san mai ita. Daga baya masu sana'a suka riƙa buga irin wannan shaida a kan kayan da suka ƙera, har ma'anar ta faɗaɗa ta ƙunshi duk abin da ke sa a gane kaya, ko kamfani, ko ƙungiya, a kuma bambanta su da wasu.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Sarki yana da takensa, da zarar an kaɗa shi kowa ya san wanda ke tafe ko da bai gan shi ba. Masu sana'a ma haka, mahauta da kalangunsu, maƙera da nasu kiɗan. Tambari kuwa, wanda asalinsa gangar sarauta ce da ba a kaɗa wa kowa sai sarki, shi ne kalmar da a yau muke kiran zanen da hukuma ko kamfani ke bugawa a kan takardunsa. Akwai darasi a nan. Take ba ya yi wa mutum suna, ayyukansa ne ke yi masa. Abin da take ke yi shi ne tuna wa mai sauraro abin da ya riga ya sani game da mai taken. Kirarin da bai dace da halin mai shi ba kuwa zambo yake komawa.

Saboda haka, in muka ce alamun shaida, muna nufin abubuwa shida da ke tafiya tare: suna, da tambari, da launi, da salon rubutu, da tufafi, da kirari. Mutane da dama sukan ɗauka tambari kaɗai ne ake nufi, alhali shi kashi ɗaya ne cikin shida.

3.0 MATSALAR IDANU BIYU

Kamfanin sabulu mai saye kawai yake nema. Ita kuwa ƙungiyar wasanni ta Kirista tsakanin gidaje biyu take tsaye. Gida na farko shi ne ikilisiya, inda take samun 'yan wasa, da wurin gwaji, da gudummawar kuɗi, da gayyata. Gida na biyu shi ne dandali, inda ake auna ta da ma'aunin da ake auna kowace ƙungiyar wasa, watau daɗin murya, da daidaituwar rawa, da ƙarfin labari.

Kuskure iri biyu ne ke biyo bayan wannan tsayuwa. Na farko shi ne a cika takarda da gicciye da kurciya da harshen wuta da buɗaɗɗen littafi da aya, duk a wuri ɗaya. Mai bi zai gane 'yan'uwansa ne, amma baƙo zai ɗauka taron wa'azi ne, ba zai kuma sami abin da zai nuna masa cewa waɗannan mutane sun iya wasa ba. Na biyu shi ne a ɓoye bangaskiyar ƙungiya sarai don a jawo jama'a. Wanda ya biya kuɗinsa ya shiga, sa'an nan ya tarar da abin da ba a gaya masa ba, zai fita yana ganin an yaudare shi, ikilisiya kuma za ta fara shakkar ƙungiyar. A garuruwan da Musulmi da Kirista ke zaune tare, kamar Jos da Kaduna da Yola, wannan kuskure na biyu ya wuce maganar ciniki, ya shafi amana tsakanin maƙwabta. Bayyana kai cikin ladabi shi ya fi zama alheri ga kowane ɓangare.

4.0 MISALI DAGA TARIHI: MAWAƘAN JAMI'AR FISK

An buɗe makarantar Fisk a birnin Nashville na jihar Tennessee ta Amurka a shekarar 1866, don ilmantar da bayin da aka 'yanta bayan yaƙin basasar ƙasar. Wata ƙungiyar mishan ce ke ɗaukar nauyinta. Kafin shekarar 1871 kuɗi ya ƙare, har ana gab da rufe ta. Sai ma'ajin makarantar, George L. White, wanda shi ne kuma malamin waƙa, ya ɗebi ɗalibai mawaƙa 9, yawancinsu an haife su cikin bauta, suka fita yawon waƙa ranar 6 ga Oktoba, 1871, don neman taimako.

Matsalar da suka fara cin karo da ita ta alamun shaida ce. A Amurka ta wancan zamani akwai wani wasan barkwanci da ya shahara ƙwarai, inda fararen fata ke shafe fuskokinsu da baƙi, su sa tsummoki ko tufafin ban dariya, su riƙa kwaikwayon baƙar fata ta hanyar ba'a. Don haka duk wanda ya ji an ce ga baƙar fata za su hau dandamali, irin wannan wasa yake tsammani. Masu neman dariya suka zo ba su sami abin da suke nema ba, masu zuwa coci kuwa suka ƙi zuwa. Makonnin farko ko kuɗin abinci da na masauki da ƙyar suke samu.

Abubuwa uku suka gyara al'amarin. Na farko suna. White ya raɗa musu suna Jubilee Singers, daga shekarar nan ta hamsin da aka ambata a sura ta 25 ta Littafin Firistoci, shekarar da ake sakin bayi, ake kuma mayar wa kowa gonarsa. Ga mai karanta Littafi Mai Tsarki, sunan ya nuna masa tushen bangaskiyarsu. Ga wanda bai san wannan ba, kalmar tana ɗauke da ma'anar murna da biki. Ga su mawaƙan kuma, sunan tarihin rayuwarsu ne. Na biyu tufafi da tsayuwa. Maza da kwat, mata da dogayen riguna na mutunci, suna tsaye cikin natsuwa, yadda ko a hoto mutum zai gane ba 'yan barkwanci ba ne. Na uku abin da suke rerawa. Da farko sun fi rera waƙoƙin Turawa, domin su kansu suna nauyin fito da waƙoƙin ibada na zamanin bauta a bainar jama'a. Da suka ga yadda waɗannan waƙoƙi ke ratsa masu sauraro, sai suka zama su ne jigon shirinsu.

Sakamakon ya bayyana ba da jimawa ba. Bayan sun yi waƙa a babban taron limaman coci a Oberlin, da kuma cocin Henry Ward Beecher a Brooklyn a ƙarshen 1871, ƙofofi suka buɗe. Zagayen farko ya samar da dala 20,000. A 1873 suka haye zuwa Ingila, suka yi waƙa a gaban Sarauniya Victoria. Da kuɗin da suka tara aka gina babban ginin nan na jami'ar mai suna Jubilee Hall, wanda aka buɗe a 1876, kuma a cikinsa ne aka rataye babban hoton mawaƙan da aka zana a Ingila. Jami'ar ta mai da ranar 6 ga Oktoba ranar tunawa da su, ƙungiyar kuma ta ci kyautar Grammy a 2021, shekara 150 bayan kafa ta.

Akwai wani darasi na daban a ƙarshen labarin. Da sunan ya yi farin jini, sai ƙungiyoyi masu yawa suka riƙa laƙaba wa kansu kalmar Jubilee, wasu ma suna nuna kamar daga Fisk suke, suna karɓar kuɗin jama'a. Ke nan alamar da ta yi kyau tana bukatar tsaro. Za mu komo kan wannan a sashe na 6.0.

5.0 SASSAN ALAMUN SHAIDA

5.1 Suna

In muka dubi sunayen ƙungiyoyin da suka daɗe suna aiki, za mu ga sun kasu gida uku.

Akwai suna bayyananne, wanda ke faɗin addini kai tsaye. Misali shi ne Mount Zion Faith Ministries, ƙungiyar wasan kwaikwayo da Mike Bamiloye ya kafa a kudu maso yammacin Nijeriya a 1985, da kuma Soweto Gospel Choir da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2002. Irin wannan suna ba ya barin shakka. Na biyun ma ya haɗa abu uku cikin kalma uku: gari, da addini, da sana'a.

Akwai suna mai zurfi, wanda ke da ma'ana ta sarari ga kowa da wata ta ciki ga mai bi. Jubilee Singers irinsa ne. Haka kuma Ballet Magnificat!, ƙungiyar rawa da Kathy Thibodeaux da mijinta Keith suka kafa a birnin Jackson na jihar Mississippi a 1986. Kalmar farko ta faɗi irin rawar da suke yi, ta biyu kuwa sunan Latin ne na waƙar yabo da Maryamu ta yi a sura ta farko ta Bisharar Luka. Ita Kathy ta riga ta ci lambar azurfa a gasar rawa ta duniya da aka yi a Jackson a 1982, saboda haka da'awar gwaninta da ke cikin sunan tana da abin da ta dogara a kai.

Akwai kuma suna na sana'a, wanda bai ambaci addini ba. Riding Lights, ƙungiyar wasan kwaikwayo da aka kafa a birnin York na Ingila a 1977, ta ɗauko sunanta ne daga fitilun da jirgin ruwa ke kunnawa da dare in ya tsaya, don sauran jirage su san inda yake. Sight & Sound, wadda Glenn da Shirley Eshelman suka fara a jihar Pennsylvania a 1976, sunanta gani da ji kawai yake nufi. Duk ƙungiyar da ta zaɓi irin wannan suna ta ɗauki nauyin bayyana bangaskiyarta ta wata hanya. Sight & Sound ta yi haka ta sunayen wasanninta, waɗanda labaran Nuhu da Musa da Yunusa da Yesu ne, babu mai shiga bai san abin da zai gani ba.

Ba mu ce ɗaya daga cikin ukun ya fi sauran ba. Abin dubawa shi ne inda ƙungiya za ta fi yin wasa. Wadda ke zagaya majami'u ta fi dacewa da na farko. Wadda ke son shiga makarantu da zaurukan gari ta fi dacewa da na biyu ko na uku. Ko wanne aka zaɓa, ya kamata a gwada shi a bakin mutane, a ji yadda tsohuwa da yaro za su furta shi, a kuma bincika ko yana da wata mummunar ma'ana a harsunan da ke maƙwabtaka. A arewacin Nijeriya, inda Hausa ta zama harshen sujada ga ƙabilu masu yawa tun bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, suna na Hausa yakan isa inda na Ingilishi ko na ƙabila ɗaya ba zai isa ba.

5.2 Tambari

Addinin Kirista yana da tarin alamu na gado. Akwai kifi, wanda Kiristocin farko suka yi amfani da shi domin haruffan kalmar kifi a Helenanci su ne farkon kalmomin da ke bayyana Yesu a matsayin Almasihu kuma Mai Ceto. Akwai anka, watau ƙarfen da ke tsayar da jirgi, alamar bege, wadda ƙungiyar samari ta Boys' Brigade ta ɗauka tun kafa ta a Glasgow a 1883. Akwai kurciya, da ɗan rago, da kurangar inabi, da fitila, da gicciye. Amfanin waɗannan shi ne an san su. Illarsu kuma ita ce dubban ƙungiyoyi na amfani da su, don haka ba sa bambanta kowa da kowa.

Shawararmu ita ce a ɗauki alama ɗaya tak daga gadon addini, a haɗa ta da alama ɗaya daga sana'ar ƙungiya, har su zama siffa guda. Alal misali, ƙungiyar rawa za ta iya zana mutum ya buɗe hannuwa yana tsalle, yadda mai bi zai ga gicciye a cikin siffar, baƙo kuma ya ga mai rawa. Ƙungiyar mawaƙa da ke kaɗa tulu za ta iya zana tulun da haske ke fitowa daga bakinsa. Ta haka kowane ido ya sami rabonsa, ba a kuma ɓoye wa kowa kome ba.

Akwai alamar da doka ta hana. Jan gicciye mai rassa daidai a kan farin fili alama ce ta masu aikin agaji da jinya a fagen yaƙi tun daga Yarjejeniyar Geneva ta 1864, kuma yarjejeniyar 1949 ta hana wasu yin amfani da ita ko kwaikwayonta. Ƙungiyar da ba ta san haka ba za ta iya faɗawa cikin wannan kuskure da kyakkyawar niyya.

Tambari kuma sai an jarraba shi. A buga shi da baƙin tawada kaɗai. A rage shi ya koma girman kwabo. A sa shi a injin kwafe takardu. A ba mai ɗinki ya yi surfaninsa a aljihun riga. A sa shi cikin ɗan da'irar hoto ta WhatsApp ko Facebook. In ya tsira daga waɗannan duka ana gane shi, to ya yi. In ya dagule, layukansa sun yi yawa, sai a rage.

5.3 Launi

Launi yana da ma'ana a cikin ikilisiya tun kafin ƙungiya ta zo. A ɗarikun Katolika da Angilika da Lutheran, shunayya ta lokacin azumi da tuba ce, fari na Kirsimeti da Ista, ja na ranar Fentikos da tunawa da shahidai, kore kuwa na sauran makonnin shekara. Ƙungiyar Salvation Army ta nuna yadda ake riƙe launi da ma'ana. Tutarta, wadda aka fara ɗagawa a 1878, tana da ja don jinin Almasihu, da rawaya don wutar Ruhu Mai Tsarki, da shuɗi don tsarki. Masu busa ƙahoninta sun yi ta yawo da waɗannan launuka a titunan ƙasashe masu yawa har suka zama sananne daga nesa.

Amma launi yana da wata ma'anar a waje. A Nijeriya jam'iyyun siyasa suna da launukansu, kuma ƙungiyar da ta fito da irin haɗin launin wata jam'iyya a lokacin zaɓe za a yi mata fassarar da ba ta nufa ba. Launi biyu sun isa, da na uku don ƙawa. Dole ne kuma a rubuta lambar kowane launi, domin na'urar ɗab'i tana haɗa launi ne da tawada huɗu, fuskar kwamfuta da ta waya kuwa da haske uku. In ba a ƙayyade ba, jan da ke kan takarda zai bambanta da na kan riga, ya kuma bambanta da na waya.

5.4 Salon Rubutu

Ana yawan ganin sanarwar coci da rubutu iri biyar ko shida a shafi ɗaya. Iri biyu sun wadatar, ɗaya na kanun magana, ɗaya na bayani. Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin sharaɗi, watau haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ ga masu bin ƙa'idar rubutu ta Nijar. Yawancin salon rubutu na ado da ke cikin kwamfuta ba su da waɗannan haruffa, sai mai ɗab'i ya sa na kusa da su. Nan take ɗa ya koma da, ƙafa ta koma kafa, ƙarya ta koma karya. Ƙungiyar da ke da irin waɗannan haruffa a sunanta wajibi ne ta tabbatar salon da ta zaɓa yana ɗauke da su, manya da ƙanana. Charis SIL da Andika da Noto suna cikin waɗanda ke da su, kuma kyauta ake samun su.

5.5 Tufafi

Ga ƙungiyar dandali, jikin ɗan wasa shi ne babban allon sanarwa. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata na ECWA da COCIN da EYN, waɗanda ke waƙa da tulu da caki, kowace ɗarika da irin zanenta na anko, ana gane su tun daga nesa a wurin biki ko jana'iza ko babban taro. Zanen ya daidaita matar mai kuɗi da matar talaka a sahu ɗaya, wanda shi kansa wa'azi ne.

A garin Oberammergau na Jamus, inda mutanen gari suka yi alkawari a 1633, lokacin annoba, cewa za su riƙa nuna wasan shan wuyar Almasihu, suka kuma fara a 1634, 'yan wasa sukan daina aski tun daga Larabar Toka ta shekarar da ke gaban ta wasan. Wasan kowace shekara goma ake yin sa, na 2020 ne aka ɗaga zuwa 2022 saboda annobar korona. Gashi da gemun mutanen garin sun zama alamar da kowa ke gane shekarar wasa da ita. Sai dai wannan wasa yana da wani darasin. An daɗe ana sukar yadda kalmominsa da tufafinsa ke nuna Yahudawa a mummunar siffa, kuma daga 1990, ƙarƙashin jagorancin Christian Stückl, aka yi ta gyara su. Abin lura a nan shi ne, tufafin da aka sa wa mugu a wasa magana ce game da mutanen da ke sa irin wannan tufafi a gari. Ƙungiyar da ke wasa a cikin jama'a mai addinai da ƙabilu daban-daban ta kiyayi sa wa Shaiɗan ko azzalumi kayan da aka san wata al'umma da su.

5.6 Kirari

Kirari shi ne gajeren zancen da ke biye da suna. Aikinsa cike gurbin da suna ya bari. In suna na sana'a ne, kirari ya faɗi bangaskiya. In suna na addini ne, kirari ya faɗi sana'a. Kada ya wuce kalma shida ko bakwai, kada kuma ya yi alkawarin da ƙungiya ba ta da ikon cikawa, kamar warkarwa ko arziki. Alfahari ma bai dace ba, domin ƙungiyar da ke wa'azin tawali'u ba ta kiran kanta gagara gasa.

6.0 MATAKAN AIKI

Mataki na farko ba na zane ba ne. Shugabanni da 'yan wasa su zauna su amsa tambayoyi uku a rubuce: su wane ne mu, wa muke yi wa wasa, me muke so ɗan kallo ya tafi da shi gida? In amsoshin 'yan ƙungiya sun saɓa wa juna, to babu mai zanen da zai iya daidaita su.

Na biyu, a tattara alamun sauran ƙungiyoyin da ke yankin a jera su, don a ga abin da ya yi yawa a kauce masa.

Na uku, a ba mai zane bayani a rubuce, ya kawo samfuri biyu ko uku. A biya shi hakkinsa, ko da ɗan ikilisiya ne, a kuma rubuta yarjejeniyar da ta mallaka wa ƙungiya zanen. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ba ta amince da mayar da irin wannan haƙƙi da baki kawai ba, sai a rubuce. Rashin wannan takarda yakan zama fitina ranar da mai zanen ya bar ƙungiya.

Na huɗu, a nuna samfuran ga mutane iri biyu, dattawan ikilisiya da kuma waɗanda ba su taɓa shiga cocin ba. Tambayar da za a yi musu ita ce: me kuke tsammani waɗannan mutane ke yi? Ba a tambayar ko zanen ya yi kyau, domin kowa zai ce ya yi don kara. In dattijo ya ce 'yan'uwa ne, baƙo kuma ya ce Kiristoci ne masu wasan kwaikwayo, to an dace.

Na biyar, a tsare alamun. A Nijeriya ƙungiya tana iya yin rajistar sunanta da amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni bisa dokar kamfanoni ta 2020, tambari kuma a yi rajistarsa bisa dokar alamun kasuwanci ta 1965. Abin da ya sami mawaƙan Fisk ya isa ishara.

Na shida, a rubuta ɗan littafin ƙa'ida, ko da shafi huɗu ne, mai ɗauke da tambari, da lambobin launi, da salon rubutu, da yadda ake rubuta suna. Shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi suna yawan sauyawa, kuma kowane sabon sakatare yakan so ya sa hannunsa. Alama kuwa sai ta daɗe ba ta sauya ba kafin ta zauna a zukatan mutane.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa alamun shaida abu shida ne masu tafiya tare, kuma abin da ya bambanta na ƙungiyar wasanni ta Kirista da na sauran shi ne idanu biyu da ke kallonsu. Mun ga yadda mawaƙan Fisk suka fita daga rashin fahimtar jama'a ta hanyar suna da tufafi da zaɓen waƙa waɗanda suka dace da ainihin yadda suke, har suka ceci makarantarsu. Mun kuma kawo hanyoyin da za a bi wajen zaɓen suna, da tambari, da launi, da rubutu, da tufafi, da kirari.

Abin da ya rage shi ne mu tuna cewa alama alkawari ce, cika shi kuwa a kan dandamali ake yi. Ƙungiyar da ta sa awa bakwai a takarda ta fara wasa da tara, ko ta hau dandamali ba ta yi gwaji ba, ta rushe da hannunta abin da mai zane ya gina. Muna kira ga sassan koyar da wasan kwaikwayo da na zane-zane a jami'o'inmu, da kuma makarantun tauhidi, da su haɗa kai wajen tattara sunaye da tambura da zannuwan ankon ƙungiyoyin waƙa da wasa na ikilisiyoyin da ke amfani da Hausa, a adana su, a kuma yi nazarinsu. Tarihin waɗannan ƙungiyoyi yana rubuce a jikin waɗannan kayayyaki, kuma zane in ya tsufa yagewa yake yi.